Makunnin Ɗakin Inna

A Kantin Kwari akwai kalmar da ba ma faɗa wa mai saye, ita ce babu. Tun ina tsaron shagon kawuna aka koya mini haka. In Hajiya ta shigo ta nuna maka hoton wata atamfa a wayarta, wadda ba ka taɓa gani ba tunda kake, sai ka ce akwai, Hajiya, zauna. Ka ba ta kujera, ka miƙa mata ruwan sanyi, kai kuma ka fita ta lungu ka bi shagunan maƙwabta. In ka samo, ka dawo kana share gumi kamar daga sito ka ɗauko. In ba ka samo ba, ka dawo da mai kama da ita ka ce ai wannan ce sabuwar fitowa. Na fi shekara ashirin ina yin haka, kuma har yau ban ga aibinsa a kasuwa ba. Laifin da na yi shi ne na ɗauko wannan hali na kai shi gida, na yi wata bakwai ina ce wa mahaifiyata akwai, zauna.

Mu mutanen Rijiyar Lemo ne. Kakanninmu daga Borno suka zo, amma ban da turaren wutar Inna da wasu kalmomi da take jifanmu da su in ranta ya ɓaci, ba abin da ya rage mana na can. A gidan gado muka tashi ni da yayana, kuma tun rasuwar mahaifinmu Inna take zaune a sashensa. Da Allah ya hore mini na sayi gida a Fagge, ta wajen da unguwar ta haɗe da Sabon Gari, babban burina shi ne Inna ta dawo wurina. Son da nake mata na gaskiya ne, amma ba zan ɓoye ba, akwai son a sani a cikinsa. Ina so in an tambaya ina Hajiya take yanzu a ce tana gidan ƙaramin. Sai da na yi wata biyu ina lallashi kafin ta yarda. Yayana bai hana ba. Cewa kawai ya yi ɗakinta yana nan, ba zai sa kowa a ciki ba.

Wanda na sayi gidan a hannunsa Ibo ne, haifaffen Sabon Gari, mai shagon kayan wuta a kasuwar can. Hausar bakinsa ta fi tawa gishiri. Ya gina wani gida kusa da cocinsu da makarantar 'ya'yansa, shi ya sa ya sayar da wannan. Da yake sana'arsa ce, ya zuba wa gidan duk abin da yake sayarwa. Sola a rufi, batura a ƙarƙashin bene, wani ƙaramin akwatin intanet a falo. Ƙwayayen fitilun kuwa duk irin waɗanda ake sarrafawa da waya ne. Har makunnan bango ya cire, ya rufe gurbinsu da fararen murafai, wai yara suna kashewa a bango sai ƙwan ya daina jin umarnin waya.

Ranar da zai ba ni makullai muna tsaye a falo, ni da shi da dillali da yayana. Ya ɗaga wayarsa ya taɓa, falon ya yi fari. Ya sake taɓawa, ya koma ruwan ɗorawa. Dillali ya yi tasbihi. Sai mutumin ya juyo ya ce in kawo wayata ya mayar da gidan kanta, abin minti goma ne. Ya tambaye ni ko na taɓa amfani da irin wannan manhajar.

Yayana yana kallona. Ba wani kallo ba ne na musamman, kallon da ya saba yi mini ne tun ina ƙarami in aka aike ni na dawo da abin da ba shi ba.

Na ce na iya, irinta ce ma a shagona.

Abin da ke shagona doguwar fitila ce guda ɗaya da fanka mai ƙara. Mutumin ya ce to madalla, bari ya cire gidan daga wayarsa in ya so ni in haɗa da kaina. Na ce ya bar shi tukuna sai mun tare, zan kira shi. Ya ce ba damuwa, kafin nan fitilun za su ci gaba da bin lokutan da ya tsara musu. Ya yi wani bayani mai tsawo, ina ta gyaɗa kai irin na wanda ake maimaita wa karatun da ya haddace.

Ranar da muka tare, ana gab da kiran magariba, ina tsakar gida da waya a hannu ina duba saƙo, sai fitilun tsakar gidan da na falo suka kama gaba ɗaya. Matata ta leƙo daga kicin. Inna tana zaune a kan tabarma da buta a gabanta, ta dubi fitila, ta dubi hannuna, ta ce ni na kunna?

Na ce ni ne.

Da a ce na faɗi gaskiya a wannan lokacin, da dariya za a yi a wuce wurin. Amma na ga yadda ta jinjina kai, na ji daɗi, kuma wannan daɗin shi ya ja ni.

Ba wai ban yi ƙoƙari ba. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma Turancina yana isa ta karanta takardar kaya. Na nemo manhajar ta hoton da na gani a wayar mutumin, na sauke, na buɗe. Ta nuna mini gida fayau ba fitila ko ɗaya. Da na matsa mata sai ta ce waɗannan na'urori suna hannun wani. Wannan kam na fahimta sarai. Na rufe ta, na sa wayar a aljihu.

Sai na koma ga abin da na iya. Na sami kwalin da ake naɗe shadda a jikinsa, na fara rubuta lokutan da kowace fitila take kamawa da lokacin da take mutuwa. Cikin mako biyu na san rayuwar mutumin nan fiye da yadda na san ta maƙwabcina na shekara goma. Matarsa tana shiga kicin biyar da rabi na asuba. Ranar Lahadi gidan duka yana haske tun shida, bakwai da rabi komai ya mutu, an tafi coci. Ranar Laraba falo ba ya kamawa sai takwas da rabi, da alama suna da taro da yamma. Daren Asabar kuwa falon yana komawa shuɗi, ina jin lokacin ne suke kallo da yara.

Na sa wa wayata ƙararrawa marar sauti, minti ɗaya kafin kowane lokaci. In ta motsa a aljihu sai in ciro ta, in yi gyaran murya don a lura, in ɗaga, in danna. Abin lissafin wayar nake dannawa. Fitila ta kama, in mayar da wayar aljihu ban dubi kowa ba. Ranar Laraba na kafa dokar cin abincin dare a tsakar gida, na ce shan iska yana da amfani ga lafiya. Shuɗin daren Asabar na ce yana kwantar da ido bayan aikin mako. Haka na zama maigida mai ba da umarni a gidan da ni kaina umarnin wani nake bi, wanda shi kuma bai ma san yana bayarwa ba.

Matata ba ta daɗe ba ta fara tambaya. Ta ce a sa mata abin a tata wayar, na ce ba a sa wa waya biyu, saboda tsaro. Da damina ta shigo, in hadari ya haɗu kicin yakan yi duhu da rana tsaka. Ta ce in kunna mata, na ce ana tattalin batir. Ta kunna fitilar wayarta ta jingina ta a cikin kofi, ta ci gaba da yanka albasa. Abin da ta ce kawai shi ne Allah ya ƙara wa batir lafiya.

Duk wannan da sauƙi. Inda abin ya yi muni shi ne ɗakin Inna.

Ɗakin da ya fi kyau na zaɓar mata, mai taga ta gabas, kusa da banɗaki. Ban san ɗakin yaran mutumin ba ne. Ƙarfe takwas fitilar takan rage haske, takwas da rabi ta mutu. Ba ta sake kamawa sai shida na safe, lokacin shirin makaranta. Ranakun Juma'a da Asabar ana yi wa yaran alfarmar awa guda. Inna ta haura saba'in, ta haifi bakwai ta binne uku, ga shi a gidan ɗanta ana kwantar da ita lokacin 'yan firamare.

Ita kuwa bayan isha'i ne take buɗe littafin addu'o'inta mai manyan baƙaƙe, daga nan ta ware magungunanta na hawan jini, ta ɗiga na ido. Da asuba ma tana tashi tun kafin kira, ta lalubi buta a duhu. Ranar farko da ta ce in ƙara mata lokaci na ce to, na ciro waya na danna abin lissafi a gabanta. Takwas da rabi fitila ta mutu. Da safe na ce matsalar sabis ce. Da ta sake magana sai na ce wani likita da yake sayen shadda a wurina ya gaya mini haske bayan takwas da rabi yana cutar da idon tsofaffi. Allah ya yafe mini. Likitan ma ya yafe mini, ko da yake babu shi.

Inna ta ce ashe haka ne. Ta ce ita da take karatu da aci-bal-bal a ƙuruciyarta ba ta san tana cikin haɗari ba.

Tsohon mai gidan ya kira ni sau biyu. Na farko ina shago, cike da mutane, ya ce Alhaji, har yanzu gidanka yana cikin aljihuna fa. Na yi dariya da ƙarfi na ce komai yana tafiya daidai, zan biyo. Daga Kwari zuwa shagonsa ba ta kai tafiyar minti goma a adaidaita sahu ba. Na biyu kuwa ina kallon wayar har ta gama ruri.

Akwai mai gyaran wuta a layinmu, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Da na kira shi da ya mayar da makunnan bango a yini ɗaya. Amma na riga na zauna a majalisar ƙofar masallaci na ba da labarin gidana da ba a taɓa bango, shi ma yana wurin, har ya ce wata rana zai zo in koya masa. Da wane baki zan kira shi?

Wata Juma'a yayana ya zo gaishe da Inna bayan isha'i, hira ta yi daɗi, tara da rabi fitila ta mutu suna tsakiyar magana. Ina falo na ji ya yi shiru. Na shiga da sauri na yi masa bayanin likita. Juma'ar da ta biyo baya ya zo da wata 'yar fitilar caji, koriya, mai mariƙi, irin wadda ake sayarwa a bakin titi. A gabana ya sa ta a hannun Inna. Ta danna ta kama, ta danna ta mutu, ta sake dannawa. Sau uku ta yi haka, tana murmushi. Ni da na kawo ta gida mai sola da batura, ina tsaye ina sauraron wannan ƙas, ƙas. Ko a lokacin ban tuba ba. Haushin yayana na ji, wai ya zo ya ci mini fuska a gidana.

Da azumi ya matso hankalina ya tashi. Kicin ba ya kamawa sai biyar da rabi, lokacin an gama sahur. Na yi ta tunanin ƙaryar da zan yi, har na fara shirya wata a kan falalar sahur a ƙaramin haske. Ranar farko matata ce ta tashe ni, tana yi mini godiya. Kicin a haske, falo a haske, ɗakin Inna a haske, ƙarfe huɗu daidai. Da dare kuma fitilar Inna ba ta mutu ba sai goma, bayan an dawo daga tarawihi. Duhun Laraba ma ya tafi.

Na karɓi godiyar. Na ce ai daren jiya na zauna na gyara. A majalisa har na ƙara da cewa na'urar tana gane watan azumi in ka gaya mata. A cikin raina na san fitila ba ta ganin wata. Na san akwai hannu ɗaya kacal da zai iya wannan, amma duk lokacin da tunanin ya zo sai in kawar da shi, in sake sabon kwali in rubuta sababbin lokuta.

Inna ba ta yi godiya ba. Na lura da haka, na ɗauka azumi ne.

A goman ƙarshe, wata rana bayan an sha ruwa, ciwon kai ya kama ta. Ta yi magariba a zaune ta kwanta, ta rufe fuska da mayafi. Fitila tana ta zuba haske, kuma ba za ta mutu ba sai goma. Ta aiko a kira ni, ta ce in kashe mata, idonta kamar zai faɗo.

Na ciro waya. Na danna. Na sake dannawa. Na ce sabis ne. Da can ba na iya kunna mata, yanzu kuma ba na iya kashe mata. Daga ƙarshe na jawo kujera na hau, na naɗe hannuna da hankici saboda zafi, na murɗe ƙwan na cire shi. Ɗakin ya yi duhu. Ina kan kujerar sai na ji ƙas, 'yar koriyar fitilar ta kama. Inna ta ɗaga ta tana haska mini ƙafa don in sauko lafiya.

Da na sauko ta ce bayan Sallah za ta je Rijiyar Lemo ta kwana biyu. Na ce ai ba komai, zan kai ta in dawo da ita. Ta ce: "Can in na ga dama in kunna, in na ga dama in kashe. Ba sai na nemi izinin wayar kowa ba."

Washegari da safe na tarar da matata ta wanke kaskon turaren Inna tana naɗe shi a tsumma. Kaskon nan na mahaifiyarta ne, daga Borno ya zo. Mai kwana biyu ba ta ɗaukarsa. Matata ba ta ɗago ba, ta ce Inna ce ta sa ta. Na tsaya a kanta ina jiran ta ƙara wani abu, ta ci gaba da naɗi.

Ban buɗe shago ba ran nan. Na hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari.

Shagon mutumin yana can cikin layin masu kayan wuta, fitilu sun fi ɗari a kunne da rana tsaka, sai da na runtse ido. Yana cin wani abu a leda, da ya gan ni ya tura shi ƙarƙashin tebur ya goge hannu, ya yi mini barka da azumi, ya ba ni benci. Ni kuma maimakon in faɗi abin da ya kawo ni sai na fara da halin Kwari. Na ce wucewa nake na ce bari in leƙo. Na tambayi wani ƙwai da ba na buƙata. Na ce na canza waya ne kwanan nan, shi ya sa abubuwa suka ɗan rikice. Wayar da ke hannuna ita ce dai wadda ya gani ranar makullai, har da tsagin da ke gefenta. Ya dube ta, ya dube ni. Ban taɓa sanin shirun mai shago yana da nauyi haka ba, don kullum ni ne mai shagon.

Na ce: "Oga, ban iya ba. Tun ran nan ma ban iya ba."

Ya ce ya sani. Ya ce wanda ya iya ba zai bar falonsa yana komawa shuɗi duk Asabar har wata bakwai ba. Ya ce shi ma abin ya zame masa kaya, kamar ka sayar da gida ka tafi da makulli ɗaya a aljihu. Ba ya son sanin lokacin da ake kwanciya a gidan wani. Ya so ya goge kawai ya huta, amma in ya goge fitilun za su tsaya a kunne dare da rana, ni kuma ba ni da yadda zan yi da su. Maganar azumi kuwa matarsa ce ta tuna masa, ta ce mutanen nan za su yi sahur a duhu. Ya tambayi maƙwabcinsa na shago lokacin sahur da na tarawihi, ya zauna ya canza. Bai kira ni ba saboda ya ga kamar kiran nasa yana takura ni.

Sai ya ce jiya wayarsa ta nuna masa ƙwan ɗakin yara ya ɓace, ko ya ƙone ne? Na ce ni na cire. Ya tambaya wa ke kwana a ɗakin. Na ce mahaifiyata.

Ya ajiye wayar a kan tebur. Ya ce: "Alhaji, Mama ka bari ana kashe wa wuta takwas da rabi?"

Ya ce a wajensu da sai an tara dangi a kan wannan. Bai ɗaga murya ba, kuma bai sake ambaton maganar ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mayar da gidan kan wayata ya ɗauki kamar minti goma sha biyar. Ya ƙi yi mini da hannunsa. Ya ce in danna nan, in rubuta lambar da aka aiko, in zaɓi kalmar sirri wadda shi ba zai gani ba, ya juya baya har na gama. Ya sa na kunna fitilar tsakar gidana daga nan kan benci, na kashe, na sake kunnawa, yana biya mini kamar malamin allo. Ya nuna mini inda lokutan suke, na goge Asabar da Lahadi da hannuna. Ɗakin da aka rubuta wa na yara ya ce in canza masa suna. Sannan ya cire gidan daga tasa wayar, ya nuna mini fuskarta don in gani, ya yi ajiyar zuciya.

Na tashi zan yi sallama sai ya ce ba mu gama ba. Ya ce waya ba ta Mama ba ce. Ya ɗauko makunni na bango, irin na kowa da kowa, da ƙwai wanda ba ruwansa da waya, da sukundireba, ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa shago.

A ƙofar gida ya tsaya sai da na shiga na sanar, duk da cewa shi ya gina ƙofar. Ya shiga ɗakin Inna ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi jiki, ya yi mata barka da ibada. Inna ta amsa tana kallona, tana jiran in ce wane ne. A nan na faɗa. Na ce wannan shi ne tsohon mai gidan, kuma shi ne mai fitilun tun ranar da muka tare. Na faɗi maganar abin lissafi. Na faɗi maganar likita. Matata tana bakin ƙofa, mutumin kuwa ya juya ga bango yana kwance farin murfin kamar ba ya jin Hausa.

Inna ta bari na gama. Ta ce ta sani tun ranar da na tafi jana'iza unguwar Kwaciri na manta wayata tana caji a ɗakinta, magariba ta yi fitilu suka kama abinsu. Na lissafa, wannan makonmu na uku ne a gidan. Na ce to me ya sa ba ta yi magana ba?

Ta ce: "Ƙanina ne ya koya maka kasuwa, na san halin. Ka ce in zauna, na zauna. Amma shi yakan dawo daga lungu kafin ruwan sanyin ya yi zafi."

Wayoyin suna nan a bayan murfin inda ya bar su. Bai daɗe ba ya haɗa, ya hau kujerar da na hau jiya ya sa sabon ƙwan, ya sauko ya ce Mama ta gwada. Inna ta dafa gado ta tashi, ta ƙi hannun da na miƙa mata, ta je ta danna. Ta kama. Ta danna. Ta mutu. Ta sa masa albarka mai tsawo, har da 'ya'yansa, ta ce ta san lokacin barcinsu sarai, yaran kirki ne. Ta gaya wa matata kada a manta da gidansu a tuwon Sallah. Ni ba ta ce mini komai ba, kuma ba ta ce a kwance kaskon ba.

Kwana biyu bayan Sallah na kai ta Rijiyar Lemo kamar yadda ta ce. Ban iya tambayarta abin da ke cikin jakarta ba. Da na dawo na wuce ɗakinta kai tsaye, na danna makunnin. Kaskon yana kan taga, a naɗe cikin tsummansa. Ba ta tafi da shi ba, ba ta kuma kwance shi ba. Kullum in na dawo daga kasuwa sai na leƙa na duba, kamar zai iya tafiya da ƙafarsa. Kwana biyun ya zama huɗu, ya zama shida. Ban kira na matsa mata ba. Ran na bakwai yayana ya bugo ya ce Inna ta ce in zo in ɗauke ta bayan la'asar. Da magariba na ji ƙanshin turare yana fitowa daga ɗakin.

Yanzu gidan yana wayata, yana kuma wayar matata, don ashe ana sa wa waya biyu. Na je na gaya wa mai gyaran wutar layinmu yadda aka yi, ya yi dariya har ya riƙe ciki, kuma na san ya ba da labarin a majalisa, don an daɗe ana tambayata lafiyar likita. Cin abincin Laraba a tsakar gida ya zauna, mun saba. Ɗakin Inna kaɗai ne ba ya cikin manhajar.

'Yar koriyar fitilar nan ta yayana tana nan a kan tagarta, gefen kaskon. Na taɓa cewa a mayar masa tunda ba a buƙatarta, Inna ta ce a bar mata kayarta. Duk bayan kwana biyu takan ba matata ta sa mata a caji.